Sunan da na sata a bakin Inna

A shekarar da na yi wa Inna sata, sana'ata buga takardu ce. Ina zaune a falonmu na unguwar Zahir a Makka, hawa na uku, daga ni sai kwamfuta da kofin shayin da kullum sai ya huce nake tunawa da shi. 'Yan matan jami'a ne ke turo mini rubutunsu na hannu, ni kuma in mayar da shi abin da malami zai iya karantawa ba tare da ya zage su ba. Na buga fiƙihu, na buga lissafi, na buga abubuwan da har yau ban san kansu ba.

Ana saura wata biyu aikin Hajji, wata malama mai karatun digiri na uku a tarihi ta hau benen nan tana haki, da jaka cike da takardu. Bincikenta a kan wani gidan sarauta ne na Turai, na can zamanin da suke kawo yaƙi ƙasar Sham, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Tana so in zana mata salsalar gidan gaba ɗaya a falle guda babba, wanda za a naɗe a manna a bayan littafinta.

Ban taɓa ganin mutane masu son sunansu irin waɗannan ba. Uba ya sa wa ɗa sunansa, ɗa ya sa wa jika, har sai da aka koma ƙirga su: na ɗaya, na biyu, na biyar. Inda ƙirga ta gaza sai a bi su da laƙabi, wannan Gurgu, wancan Mai Ido Ɗaya. Kowace mata an rubuta ubanta da ƙasar da ta shigo da ita gidan. 'Ya'yan da aka haifa ba da aure ba, ba a jefar da su ba, an dai ja musu layi mai tsinke-tsinke. Jaririn da bai yi sati a duniya ba ma yana da ɗan akwatinsa a takardar, da sunansa, da cocin da aka binne shi.

Ina ja musu layi ina jin haushinsu. Mutanen da suka ɗauko takobi tun daga bangon duniya suka zo suka kashe bayin Allah, ga su nan kowa da ubansa da kakansa da kakan kakansa. Ni kuwa da aka haifa a inda ake jin kiran sallar Harami daga ɗaki, ban san sunan uban babana ba.

Ga yadda aka yi. Babanmu da Inna 'yan gari ɗaya ne a ƙasar Hausa. Da sabon aurensu suka bi ayari zuwa gabas, da ƙafa da jaki da motar kaya idan an samu, suka ratsa Chadi, suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Sudan kafin su tara kuɗin jirgin ruwa. A bakin teku, madugun ayarin ya yanki takarda guda ta mutanensa duka, ya rubuta samarin a matsayin 'ya'yansa, don a lokacin haka ake ƙetarewa. Tun daga ranar babanmu ya zama ɗan madugu a kowace takarda. Inna ta ce iyakar dangantakarsu da mutumin ita ce ya taɓa dukan jakinsu.

Babanmu ya rayu da tsoron kada ɗayanmu ya yi suɓutar baki a ofis. Ina 'yar shekara tara na tambaye shi sunan kakanmu na gaskiya. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini hannu ba ya make mini baki da bayan hannu, ya ce da Larabci, abin da ke takarda shi ne kakanki. Da sunan ya tafi kabari.

Ni na tsira, don na auri wanda kakanninsa suka daɗe da zama 'yan ƙasa, na shiga inuwar takardarsa. Yayana bai tsira ba. Ya yi tuƙi har ciwon ƙoda ya ɗauke shi, ya bar 'ya mace guda, wadda ta tashi a hannun Inna a ɗaki biyun da suke haya a unguwar Mansur, a saman shagon wani mai tsire. A shekarar nan ta gama sakandare, makarantar koyon jinya ta ɗauke ta. Sai ga shi igamarta, wato takardar izinin zama, za ta ƙare a farkon sabuwar shekara, kuma ba a sabunta ta sai da fasfo. Ƙasar da ta ba babanmu takarda a hanya ta ce ba ta san mu ba. Ƙasarmu ta asali ta ce to, a kawo shaida daga mai gari cewa yarinyar jikar garin ce. In babu wannan shaida, babu makaranta, babu asibiti, ko aure ba za a rubuta mata ba. Za ta koma cikin 'yan matan unguwa da ba sa wuce bakin layi don tsoron a tare su.

Mijina yana kula da motocin alhazai a tashar Kudai lokacin Hajji. A can ya gamu da wani alhaji, tsohon malamin makaranta, ɗan garin su Inna. Ya kawo shi gida, muka ba shi shayi. Alhajin ya ce mai garin amininsa ne, zai rubuta, amma garin ya cika ya batse, kuma waɗanda suka tafi gabas ba su dawo ba sun fi a ƙirga.

"Hajiya, gidan wa?" ya ce da ni. "Ki ba ni sunan uban mahaifinku kawai kafin in tashi. Da shi zan shiga wurin tsofaffi."

Mutum ɗaya ce a duniya ta san sunan nan, kuma ita ce mutum ɗaya da ba za ta faɗa ba.

Inna mutuniyar da ce. Shekara sittin da wani abu ba ta taɓa kiran sunan babanmu ba, yana raye ko bayan ya rasu. Malam take cewa. Idan ma'aikaciyar asibiti ta tambayi sunan mijinta, sai ta juyo ta kalle ni in amsa. Balle suruki, uban miji, wanda ko a labari sai ta rage murya ta ce Tsohon Gida. A kan wannan kunya kuma babanmu ya ɗora mata amana, cewa kada sunan ya fita. Ga rikicin tsufa ya fara taɓa ta. Da safe garau take, ta san kowa, ta san wanda bai gaishe ta ba jiya. Da an yi la'asar sai ta fara zamewa, ta koma garinsu, tana tambaya ko an ɗaure awaki.

Da safe na fara zuwar mata, da lalama. Na zauna a ƙasa, na yi mata bayani tiryan-tiryan.

"Kuna da takardarku," ta ce. "Malam ya ce abin da ke takarda."

"Inna, takardar ce ta mutu. Yarinyar nan za ta rasa karatunta."

Ta ci gaba da jan carbi. Na ga abin ya dame ta, don jikar nan ita ce ranta. Can ta ce, ba ta kalle ni ba, "Mai sunansa shi ne wanzamin nan na tsohuwar unguwa, na kusa da famfo. Ku tambaye shi."

A wurinta ta gama faɗa, ta ma yi abin da bai kamata ba. Amma wanzamin ya rasu tun ina goyon fari, kowa kuma Wanzam yake kiransa. Tsohuwar unguwar an rushe ta, otal ne a wurin mai hawa ashirin da wani abu. Mijina ya zaga tsofaffin Mansur ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna askarsa, ba wanda ya tuna sunansa.

Sai na ɗauko wata dabara. Na rubuta sunayen maza cike da shafi biyu, na ce ba sai ta yi magana ba, in na zo kan sunan ta ɗaga yatsa kawai. Ina karantawa tana jan mayafi tana rufe fuska. Wannan sunan ubanta ne, wancan na kawunta, wancan na malamin da ya biya mata allo, wancan na ɗan farinta da aka binne a gonar auduga. Kafin in kai rabin shafi ta rufe fuska sau bakwai. Raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, gadon babanmu ne, kuma ranar na yi wa uwata tsawa. Na ce kunyar matattu za ta kashe rayayye. Na ce mutumin ya zama ƙasa tun ba a haife ni ba, ba zai ji ba.

"Shi ba zai ji ba," ta ce. "Ni zan ji."

Na koma Zahir ina huci, na zauna a gaban Turawana. Washegari malamar ta zo duba aikin. Akwai wani akwati a tsakiyar takardar da ta daɗe da barinsa da alamar tambaya, sai na ga ta kawo sunan da za a cike shi. Na tambaye ta inda ta samo. Ta gyara zama da murnar wanda aka taɓo masa abin da yake so. Ta ce matar ɗan mutumin da ake neman sunansa, bayan ta yi takaba, ta ba limaman coci wata gona sadaka, aka rubuta cewa don ran maigidanta da na ubansa, ba a ambaci suna ba. Nan masu bincike suka tsaya shekara da shekaru. Ita kuwa sai ta koma baya, ta nemo takardar da aka rubuta tun matar tana yarinya a gidan ubanta, inda aka jera maƙwabta a matsayin shaidu. Ga mutumin nan a ciki, da sunansa ɓaro-ɓaro, a matsayin maƙwabci.

"Ba matar aure ake tambaya ba," ta ce tana dariya. "Yarinyar ake komawa a tambaya."

Na yi dariyar tare da ita. Na san inda yarinyar da ke cikin Inna take. Kullum bayan la'asar tana zaune a Mansur a kan tabarma.

Ni ke yi wa Inna kitso duk ranar Alhamis, tun da hannunta ya fara rawa. Gashin ya yi fari ya yi laushi, bai fi a yi masa layi shida ba, amma ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ni. Ta ce hannun sauran mata da nauyi. Kuma na lura, idan kitson ya kai la'asar, takan ɗauke ni wata ƙawarta ta ƙuruciya, wadda suke yi wa juna kitso a gindin bishiya a bayan gidansu. Da can in ta kira ni da sunan ƙawar, nakan ce, Inna ni ce. Ranar Alhamis ɗin nan, da gangan na makara.

Alhazai sun riga sun sauko daga Mina, titi ya cushe da motoci, zafi kamar a bakin murhu. Na iske jikar ta fita sayo burodi. Na zaunar da Inna a tsakanin ƙafafuna, na tsefe tsohon kitson a hankali, na shafa mai. Aka kira la'asar, muka yi salla, muka koma. Ina tsaga layi na biyu na ji kafaɗunta sun saki. Ta kira ni da sunan ƙawar, ta ce in yi sauri kafin a aiko nemanta.

Na amsa. Na ma sauya murya, Allah ya yafe mini.

Ban taɓa jin Inna haka ba. Ashe uwata mai tsokana ce. Ta kwaikwayi tafiyar wata mai fura, ta yi gulmar wani saurayi da ya zo zance da takalmin aro, ta yi dariya har da buga cinyata. Muryarta ta koma siririya. Na shekara hamsin ina 'yarta, ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba sai ranar. Na kusa fasawa. Na ce a raina, bari in ji daɗin wannan kawai in tashi. Sai na tuna da takardar makarantar yarinyar, tana nan a kan firji an danne ta da kwalbar magani.

"Ke," na ce, ina riƙe da gashinta, "wannan mai kallon naki a hanyar rijiya, dogon nan mai allo, ɗan gidan wa ne?"

Ta sunkuyar da kai tana ƙyalƙyala dariya. "Kin fi ni sani."

"Wallahi na manta. Gidan wa?"

"Gidan da ke bayan rijiya mana, mai kuka biyu." Sai ta faɗi sunan. Ta faɗe shi da laƙabinsa da sana'arsa, a sake, yadda ake faɗin sunan kowane maƙwabci. Ta ƙara da cewa mutumin rowa gare shi, ba ya bari a tsinki kukarsa.

Na maimaita shi sau uku a zuciyata. Suna ne gama-gari, yana cikin shafina na farko, na karanta mata shi da bakina. Na gama layi shida, na ɗaura mata kallabi, na shiga kicin na rubuta a bayan takardar magani, hannuna duk mai. Kafin magariba mijina ya kai wa alhajin a Kudai.

Da na tsaya a nan, da wataƙila ba ta taɓa sani ba. Amma na gaya wa yarinyar, don na ga ta rame, ina so ta ci abinci. Ban ja mata kunne ba. Ita 'yar Makka ce, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, a makarantarsu kullum da safe ana kiran kowa da sunan uba da kaka, abin alfahari ne. Ba ta san nauyin abin da na ba ta ba.

Da safe na dawo da kunun gyaɗa. Inna tana kan sallaya, garau, ta san ranar Juma'a ce. Yarinyar ta fito da gudu ta durƙusa, ta sumbaci kan Inna, tana kiranta Sitti, wato kaka, tana godiya da Larabci.

"Sitti, shukran, shukran! Yanzu na san ko ni wace ce." Sai ta jero, da ƙarfi, sunanta, da na ubanta, da na Malam, da na Tsohon Gida, har da laƙabin.

Carbin ya tsaya a hannun Inna.

"Wa ya gaya miki?"

"Ke mana, Sitti. Jiya, da Gwaggo ke miki kitso."

Inna ta ɗaga hannu a hankali ta shafa kanta ta saman kallabi, layi bayan layi, kamar mai ƙirga su. Sannan ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Na so ta yi, na so ta zage ni ta uwa ta uba.

"Da bakina?" ta ce.

Na sunkuyar da kai ina kallon kwanon kunun.

"Ina cikin hankalina?"

"A'a, Inna."

"To." Ta cire kallabin ta ajiye a gefe. Ta kira jikar, ba ni ba. "Zo ki tsefe min wannan."

Yarinyar ta tsefe tana kuka, ba ta ma san laifin da aka yi ba. Ni ina tsaye da kwanon kunu. Da aka gama, Inna ta ce, fuskarta na kallon bango, "Kada ki ƙara taɓa min kai."

Takardar ta zo bayan wata biyu, da hatimin mai gari. An sami gidan, kukar ɗaya ta faɗi, ɗaya tana nan. An sami wata tsohuwa da ta tuna ranar da ayarin ya tashi. Yarinyar ta sami fasfo, ta sami igama, yau tana sanye da fararen kaya a wani asibiti, kuma idan aka mayar da ni wannan Alhamis ɗin ban san ko zan yi dabam ba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Malamar ma ta gama digirinta, ta kawo mini kwafin babban fallen kyauta. Yana cikin kabad a naɗe, ban ƙara buɗe shi ba.

Inna ta yi wata goma sha ɗaya bayan nan. Na ci gaba da zuwa, ina dafa mata, ina wanke mata kaya, tana amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa ta baƙo mai mutunci. Abin mamaki, rikicin ya ci gaba da cin ta, ta manta sunan unguwa, ta manta an yi mata jika, amma wannan ba ta manta ba. Bayan la'asar takan koma garinsu kamar da, ina jin ta daga kicin tana hira da mutanenta tana dariya. Da na leƙo sai ta yi tsit, ta ja mayafi. Ba ta ƙara kirana da sunan ƙawar ba. Na sha roƙon gafara da safe, lokacin da take ji. Takan ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, sai ta tambayi ko an sayo gawayi. Wata maƙwabciya ce ta riƙa yi mata kitso, mai nauyin hannu, ina ganin yadda take runtse ido.

Ta rasu da hantsi, ranar Talata. A wurin wankan gawa aka ce mace ɗaya daga cikin dangi ta shiga, na shiga. Mai wankan dattijuwa ce, ita ma Bahaushiyar Makka, ta san aikinta. Na zuba mata ruwa, na miƙa mata abin da ta nema. Da aka zo kan gashi, ta taje shi, ta raba shi uku yadda ake yi wa mata, sannan ta matsa gefe ta ba ni wuri.

"Bismillah, 'yata. Ke ce 'yarta, ke za ki kitsa mata na ƙarshe."

Na dubi farin gashin nan a jiƙe a kan katako. Na san laushinsa, na san inda yake da tsayi da inda ya zube. Yanzu ba za ta iya hana ni ba, kamar yadda ba ta iya hana ni ba waccan Alhamis.

Na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya.

"Ki yi mata, Hajiya," na ce. "Ta ce kada in taɓa, kuma ba ta janye ba."